An Karɓi Kuɗin Aiki, Ciyawa Tana Nan: Damina a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Idan ruwan shuka ya sauka a kudancin Katsina, wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, mutum uku ake nema ruwa a jallo: mai tarakta, mai feshi, da shugaban 'yan ƙwadago. Wayarsu ba ta hutawa. Kowa ya kira, amsa ɗaya yake samu: "Gobe da sassafe, Alhaji, in Allah ya yarda." Wanda aka ce wa gobe a Daudawa, an faɗa wa wani haka a Mairuwa, an faɗa wa na uku a 'Yankara, kuma duk ukun sun ba da kafin alƙalami. Motar noma ɗaya ce, direba ɗaya ne, rana kuma ba ta ƙara tsawo don mutum ya ci kuɗin jama'a.

A unguwannin masu hali na Abuja, ko a gidajen gwamnati na birnin Katsina, akwai masu biyan kuɗi duk wata a shuka musu kiri-kiri a tsakar gida, a ba shi ruwa, a aske shi da inji. In mai askin ciyawar ya yi nawa, iyakaci farfajiya ta yi muni kwana biyu, maigida ya yi faɗa. Wannan kiri-kirin dai shi ne manomin Sabuwa ke biya a kashe masa, tare da tofa da harkiya da aya-aya, kuma shi jinkirin mako guda ba muni yake jawo masa ba, buhuna yake cire masa daga rumbu.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa noma masara. Makonni shida na farko bayan shuka su ne rayuwarta. Malaman gona, tun daga na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya har na hukumar KTARDA ta jihar, shawararsu ba ta cika sauyawa ba: noman farko wajen mako na uku, maimai wajen mako na shida, takin zamani na farko cikin mako biyu da tsirowa, yuriya kafin masara ta kai ƙugu. Kowane aiki yana rataye da ɗan'uwansa. Wanda ya zuba taki a gonar da ba a nome ba, ciyawa ya ciyar. Wanda ya jira a nome kafin ya zuba, lokacin takin ya wuce. Saboda haka idan ɗan ƙwadago ya saɓa alƙawari, ba aiki ɗaya ya ɓata ba.

Yadda aka zo nan

Wannan yanki ba baƙon noman haya ba ne. Tun zamanin Turawa akwai gonar irin auduga a Daudawa, kuma garmar shanu ta daɗe da zama a ƙasar. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, lokaci ɗaya da na Gusau da na Gombe, kuma Ƙanƙara da Faskari suna cikin gundumomin da ya shafa. Shirin ya kawo taki da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, ya fitar da masara daga bayan gida, inda ake shuka ta don gashi, ya mai da ita amfanin kasuwa. Kasuwar Ɗandume shaida ce har gobe. Amma masara mai son taki tana kuma son hannu da yawa a ɗan gajeren lokaci, gandu kuwa ya riga ya fara watsewa. 'Ya'yan da a da suke fita gonar uba da safe, su koma gayaunarsu da yamma, sun zama masu neman na kansu. Gayya ta koma sai jefi-jefi. Abin da ya maye gurbinsu shi ne kuɗi: a biya yini, ko a yi jinga.

Wata baturiyar Ingila, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta kan rayuwar ƙauyen Hausa a 1972, ta lura da abin da kowane ɗan ƙauye ya sani amma ba a cika rubutawa ba: ɗan ƙwadago shi ma manomi ne. Yana da 'yar gonarsa, rashin hatsi a rumbu ne ke tura shi gonar wani. To ranar da ciyawa ta taso wa Alhaji, ta taso masa shi ma. Idan ya karɓi jinga ranar Talata bai zo ba sai Asabar, sau da yawa ba yawo ya tafi ba, yana can duƙe a tasa.

Sai kuma abin da ya fi komai dagula lissafi a shekarun nan. Ƙananan hukumomin uku suna bakin daji: Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Zamfara, Sabuwa tana maƙwabtaka da Birnin Gwari. Duniya ta san sunan Ƙanƙara ne a daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Kafin nan, a watan Yuni na shekarar, an kashe mutane da dama a ƙauyen Kadisau na Faskari. Abin da bai cika shiga labarai ba shi ne shanun huɗa. Bijimai biyu da garma su ne taraktar talaka: nasa ne, suna ƙofar gida, ba sai ya kira kowa a waya ba. Ɓarayin daji sun kore da yawa, waɗanda suka rage kuma masu su sun sayar da hannunsu, don ajiye sa a ƙauye ya zama kiran masifa. Mutumin da a da yake huɗar gonarsa ya huɗe ta maƙwabta, yau yana cikin layin masu jiran mota.

Motar kuwa ba ta garin ba ce galibi. Daga Funtuwa take zuwa, ko Malumfashi, ko Zariya, wasu ma suna biyo ruwa ne daga kudu, suna gama aiki inda damina ta riga sauka suna matsowa arewa. Mai mota ya zuba miliyoyi a kanta, yana da inda ya ce wa direba kada ya wuce. A da, direba kan kunna fitila ya kwana yana haro, ya rage layi. Yanzu wa zai kunna fitila a bakin daji? Ana fita bayan rana ta ɗaga, ana dawowa kafin la'asar ta yi sanyi. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da mai a jarka, ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, waɗannan ukun duk suna ciki. An ɗage matakan daga baya, amma sun nuna yadda aikin gona na haya yake rataye da abin da manomi ba shi da iko a kai. Man gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022, aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka bi. Rundunar tsaron al'umma da gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, da zaman sulhun da aka yi a wasu wurare a 2025, sun buɗe wasu gonakin, amma ba su dawo da shanun da aka kora ba.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai gaskiyar ta zama mafaka. "Hanya ba kyau" yanzu ita ce uzurin da ba a iya musawa, kuma akwai masu fakewa da ita alhali motar tana gonar wani mai kuɗi da ya ƙara farashi jiya da dare. A ganina wannan ya fi cin kafin alƙalami muni, domin yana sa a daina yarda da mai faɗin gaskiya ranar da hanyar ta ɓaci da gaske.

Wanda ya zo, amma bai yi ba

Rashin zuwa aƙalla ana ganinsa. Wanda ya fi cutarwa shi ne aikin da aka yi da rabin zuciya, aka karɓi cikakken kuɗi.

Direban da ke da gona goma a gabansa ya san dabarar rage lokaci. Zai ɗaga faifan haro kaɗan, ya ƙara giya, motar ta bi ta saman ƙasa tana tayar da ƙura. Daga bakin hanya gonar ta yi ja, ta yi kyau. Sai ka shiga tsakiya ka sa ƙafa ka tona, ka tarar abin da aka taɓa bai kai tsawon yatsa ba, saiwar tofa tana nan lafiya lau a ƙasa. Wani zai bar layi tsakanin zuwa da dawowa, ƙasar da ta fantsama ta rufe shi. Shi ya sa tsofaffin manoma ba sa tsayawa a inuwa idan ana musu haro. Suna bin motar a baya da sanda, suna soka ta a ƙasa.

Feshi kuwa ya fi wannan zurfi, don shi cutarsa ba ta fitowa sai bayan an rabu. Yau da wuya ka sami gonar masara ko shinkafa ko waken soya a yankin da ba a yi mata maganin ciyawa ba, kuma sana'ar ta zama ta samari: injin goyo mai cin lita 16 ko 20, da babur, shi ke nan. Ana biyansu kan kowane goyo, ko kan kowace kwalba, ko kan eka. Kowane lissafi da irin ha'incinsa. Wanda ake biya kan goyo yana iya buɗe bakin injin ya zazzage ruwa da sauri don goyon ya yi yawa. Wanda ake biya kan eka yana iya sauri, ya tsallake layi. Wanda aka bar wa sayen magani kuwa, shi ne ya fi samun sarari.

Ga misali ɗaya da ya kamata kowane mai gona ya sani. Akwai maganin da ke ɗauke da sinadarin gilaifoset, wanda ke shiga ganye ya gangara har saiwa. Ba ya nuna aikinsa da wuri. Sai an yi mako guda ko fiye kafin ciyawa ta yi rawaya ta mutu, amma in ta mutu ta mutu. Akwai kuma mai farakwat, wanda ke ƙone duk ganyen da ya taɓa cikin yini ɗaya ko biyu, ya bar saiwa da rai. Mai gonar da ke fama da tofa ko kiri-kiri na farkon yake bukata. In aka fesa masa na biyun, washegari zai zo ya ga gona ta ƙone ƙurmus, ya yi murna, ya biya, har ya ƙara da na goro. Bayan mako biyu ciyawar ta sake tofowa, ta tarar da masara tana jaririya. A lokacin yaron yana wani gari, in ma an same shi zai ce, "Baba, ai ka gani da idonka ta mutu. Wannan sabuwa ce."

Wani lokaci ma ba mugunta ba ce, rashin sani ne. Gilaifoset ba ya shiri da ruwa mai laka. In aka ɗebo daga kududdufin bakin gona, ƙasar da ke cikin ruwan tana kama maganin ta rage masa ƙarfi. In ruwan sama ya sauka jim kaɗan bayan feshi, ya wanke. Maganin da ake fesawa bayan shuka don hana ciyawa tsirowa, irin su atirazin, yana son ƙasa mai danshi kuma cikin kwana biyu ko uku da shuka. Wanda ya zo bayan mako guda ya fesa, kuɗin ya tafi a banza. Injin da aka yi aikin maganin faffaɗan ganye da shi a gonar shinkafa, aka shiga da shi gonar auduga ko waken soya ba a wanke ba, zai murɗe ganyen amfanin. Haka in ana iska, feshin ya tsallaka gonar maƙwabci, a wayi gari ana gaban mai unguwa. Ga kuma jabun magani da wanda wa'adinsa ya wuce, masu yawo a kasuwannin ƙauye da kwalba mai kyan gani.

Su kansu yaran abin tausayi ne. Za ka ga yaro da singileti da silifa, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, injin yana ɗiga a gadon bayansa, in bakin ya toshe ya sa baki ya hura. Farakwat guba ce da ba ta da makari. Tarayyar Turai ta hana amfani da ita tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da shirin janye ta daga kasuwar Nijeriya. Mai gonar da ke ƙorafin an cuce shi, ya dace ya tambayi kansa ko ya taɓa saya wa yaron ko da sabulu.

Abin da masu dabara ke yi

Manoman da suka daɗe ana gasa musu aya a hannu sun koyi wasu abubuwa, kuma kusan dukansu kafin aiki ake yinsu, ba bayansa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai hankali tun watan Maris ko Afrilu yake zuwa wurin mai motar da kansa, ba dillali ba, domin dillali kamasho yake ci kan kowane suna da ya rubuta, ba ruwansa da ko motar za ta iya. Kuma ba ya zuwa shi kaɗai. In maƙwabtan gona goma suka haɗa kai suka ce ga eka hamsin a wuri ɗaya, mai mota ya fi son su a kan mutum ɗaya mai eka uku a lungu, don ba zai ƙona mai a hanya ba. In ya saɓa, mutum goma ya ɓata wa rai, labarin kuma zai riga shi isa kasuwar Sheme.

Wannan dabarar ce wani kamfani mai suna Hello Tractor, da aka kafa a Nijeriya a 2014, ya mayar sana'a: wakili ya tara manoman yanki ɗaya ta waya, a liƙa wa motar wata na'ura da ke nuna wa mai ita inda take da faɗin da ta nome. Na'urar tana maganin wata tsohuwar cuta, wato direban da ke zamewa ya yi aikin gefe ya sa kuɗin a aljihu, ya ce wa maigidansa mota ta lalace, ya ce wa manomi mai ya ƙare. Amma tsari irin wannan yana bukatar layin waya mai ƙarfi da hanyar da mai mota zai yarda ya saki dukiyarsa, abubuwa biyun da ƙauyukan bakin daji suka fi rashi.

Kan kuɗi, ƙa'idar ita ce kada a biya duka. Mai mota zai ce sai an ba shi na mai, kuma yana da gaskiya. To a ba shi na man, ko ma a sayi man a ajiye a gona, ya zo ya tarar. Sauran sai an zaga gonar tare. Faɗin gonar ma a daidaita shi tun farko, don rabin rigimar da ake yi kan eka ce: mai gona ya ce huɗu, direba ya ce biyar da rabi. Yanzu samari suna auna gona da wayar hannu, su zaga iyaka ta ba su lissafi, kuma ya rage gardama sosai.

Kan feshi, mai gona ya sayi maganinsa a shagon da ya sani, ya duba ranar ƙarewar wa'adi, a buɗe kwalbar a gabansa, a auna a gabansa, ya tanadi ruwa mai tsabta a duro. Kwalaben da suka ƙare ya ƙirga, ya huda su ya binne, kada su koma gida a zuba man gyaɗa ko a sake cika su da wani abu a kai kasuwa. In maganin mai jinkirin aiki ne, a riƙe wani abu daga kuɗin sai ciyawa ta nuna. Yaron kirki ba ya ƙin wannan sharaɗi.

'Yan ƙwadago kuwa, tsohuwar muhawara ce: yini ko jinga? Mai yini ba ya sauri, don ko ya nome kunya goma ko talatin kuɗinsa ɗaya. Mai jinga yana sauri fiye da kima, ya turbuɗe ciyawa da ƙasa maimakon ya yanke ta, ruwa ɗaya ta miƙe. Babu wanda ya fi wani sai in mai gona yana wurin. Nan ne ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwar da ke zaune a Funtuwa ko Katsina suna noma ta waya suka fi shan wahala, musamman yanzu da mai ɗan hali ke tsoron a gan shi a gona. Dole ya wakilta wani, wakilin kuma wani sabon babi ne.

A gaban mai unguwa

In abu ya ɓaci, da wuya a fara da 'yan sanda. Ana zuwa wurin wanda ya haɗa cinikin, ko Sarkin Noma, ko mai unguwa, in ta ƙi a je wa dagaci. Wasu su kai wa Hisba, kaɗan ne ke kaiwa kotun shari'a. Tambayar farko a ko'ina ita ce, "Wa ya shaida?" Galibi kuwa babu, don an yi maganar ne a tsaye a bakin shago, ko a waya. Fikihun Malikiyya da alƙalan ƙasar nan ke bi ya yi bayanin ijara, wato hayar aiki, dalla-dalla: a san aikin, a san ladan, a san lokacin. Kuma a mazhabar ba a yarda da kafin alƙalamin da ake cinyewa in ciniki ya fasu ba. Wannan yana da amfani, domin abin da dillali ya saba faɗa wa manomin da ya gaji da jira ya nemo wata motar shi ne, "Ai kai ka fasa, Malam, kuɗinka sun bi ruwa." Ba su bi ba, kuma malamin unguwa zai gaya masa haka.

A wannan zaman ne kuma ake jin ɗaya ɓangaren. Shugaban 'yan ƙwadago zai ce, "Ranka ya daɗe, bara mun yi masa maimai, sai bayan kaka ya biya mu, shi ma da guntu-guntu." Mai mota zai kawo lissafin waɗanda suka ce a yi musu haro bashi zuwa girbi, aka girbe, aka sayar, aka yi aure da kuɗin. Akwai masu gonar da in an gama aiki sai su fara neman aibi don a rage. Akwai wanda zai tara mutum goma sha biyar tun safe, azahar ta yi ba fura ba ruwan sha. Irin waɗannan su ne suka fi kowa kukan ba a zuwa musu, kuma 'yan ƙwadago suna da nasu lissafin na gidajen da ba a komawa.

Ko an yi hukunci mai kyau, abin da ake iya dawo wa mutum kuɗinsa ne. Babu mai unguwar da zai dawo masa da makonni biyun Yuni. Kuɗin ma sau da yawa sai cikin Agusta suke fitowa, lokacin buhun taki ya ƙara tsada. Shi ya sa da yawa ba sa ma kai ƙara. Suna sauya lissafi ne kawai. In lokacin masara ya kuɓuce, a sa waken soya, wanda ke jure shukar farkon Yuli kuma ba ya cin taki kamar ita. In shi ma ya wuce, a jira ƙarshen Yuli a shuka wake. Sai dai wake ba ya yi sai da feshin maganin ƙwari sau biyu ko uku daga lokacin da ya fara fure, kuma yaran da ke da injin a ƙauyen su ne dai waɗanda aka yi rigima da su a watan Yuni.